Yadda Mutum 198 Suka Sha Gaban Tom Brady

Ranar 16 ga Afrilu, 2000, a zagaye na shida na zaɓen sababbin 'yan wasa na gasar NFL, ƙungiyar New England Patriots ta kira sunan wani dogon saurayi siriri daga Jami'ar Michigan. Shi ne na 199. Wannan saurayi, Tom Brady, ya yi shekara 23 a gasar, ya ɗauki kofin Super Bowl sau bakwai, adadin da babu wata ƙungiya guda da ta taɓa kaiwa, balle wani ɗan wasa. Ƙungiyoyi 31 ne a lokacin, kowacce da ma'aikatanta da ba su da aiki sai yawo jami'a-jami'a suna kallon yara suna rubuta rahoto. To ta yaya dukansu suka wuce shi, wasu sau biyar, wasu sau shida?

Kafin a shiga bincike, sai a san aikin da ake nema wa mutum. A ƙwallon Amurka, kwatabak shi ne madugun masu kai hari. Shi ke karɓar ƙwallo a farkon kowane yunƙuri, ya duba yadda masu tsaron gida suka jeru, ya zaɓi wanda zai jefa wa, ya saki ƙwallon cikin abin da bai wuce daƙiƙa uku ba, yayin da ƙarti masu nauyin kilo 130 ke rugowa su danne shi. Ƙungiyar da ta dace da kwatabak ta huta shekara goma ko fiye. Wadda ta yi kuskure kuwa, yawanci koci da manaja su ne ke rasa aikinsu.

Abin da hankali ke fara kawowa shi ne, ƙila a shekarar ba a bukatar kwatabak. Wannan ba ya tsayawa, domin an ɗauki shida kafin shi. New York Jets ta ɗauki Chad Pennington a lamba ta 18, San Francisco 49ers ta ɗauki Giovanni Carmazzi a ta 65, sai Chris Redman, Tee Martin, Marc Bulger da Spergon Wynn. Pennington da Bulger sun taɓuka abin kirki. Carmazzi kuwa, wanda ƙungiyar da Brady ya tashi yana so tun yana yaro a San Mateo ta fifita a kansa, bai taɓa buga ko wasa ɗaya na gasar ba. Ke nan ana neman kwatabak, shi ne dai ba a so.

Sai mu juya ga jiki. Duk shekara ana tara fitattun 'yan wasan jami'a a birnin Indianapolis, a auna tsayi da nauyi, a sa su gudu da tsalle. Brady ya yi gudun yadi 40 cikin daƙiƙa 5.28, wanda ko a cikin masu jefa ƙwallo nawa ne sosai. Tsallensa inci 24 da rabi. Tsayinsa ƙafa shida da inci huɗu, nauyinsa wajen kilo 96, kuma hoton da aka ɗauke shi ba riga a ranar har yau yana yawo, ƙirji a shafe, kafaɗu a sake. Rahotannin masu farautar 'yan wasa sun tafi a kan haka: siriri ne, ba shi da ƙarfi, ba ya iya zillewa, jifarsa ba ta da zafi.

Ba ƙarya suka rubuta ba. Amma wannan bai isa ya warware lamarin ba, domin Peyton Manning, wanda aka ɗauka na ɗaya a 1998, shi ma ba gwanin gudu ba ne, kuma kowa a harkar ya san kwatabak ba da ƙafa yake cin abinci ba. Rashin sauri zai iya sauko da mutum daga zagaye na farko zuwa na uku. Bai kamata ya jefa shi na shida ba, sai fa in wasansa a jami'a ma bai yi kyau ba.

To ya yi kyau. Wasa 25 ya fara a Michigan cikin 1998 da 1999, aka ci 20. A kakarsa ta ƙarshe Penn State ta sha gabansu da maki goma a kashin ƙarshe na wasa, ya juyo da shi aka tashi 31 da 27. Ranar 1 ga Janairu, 2000, a wasan Orange Bowl, Alabama ta ba su ratar maki 14 har sau biyu, sau biyun yana cikewa, aka tashi 35 da 34 bayan ƙarin lokaci. A daren ya jefa ƙwallo na yadi 369. Wannan wasa an nuna shi a talabijin ƙasa baki ɗaya, wata uku da rabi kafin zaɓen. Babu mai cewa bai gani ba.

A nan ne lamarin ya fi ɗaure kai, kuma a nan bakin zaren yake. In sun ga wannan duka, me ya rinjaye shi a zukatansu? Amsar tana cikin sunan wani yaro, Drew Henson.

Henson ɗan jihar Michigan ne, ya shigo jami'ar a 1998 da suna irin wanda ba a cika gani ba, gwani a ƙwallon Amurka, gwani kuma a wasan besbol, har ƙungiyar New York Yankees ta riga ta ɗauke shi ta ba shi kuɗi masu yawa. Yana da wata ƙofar a buɗe, duk ranar da ya gaji da zaman benci zai iya ficewa. Magoya baya kuma shi suke so su gani. Sai koci Lloyd Carr ya fito da wani tsari a 1999: Brady ya buga kashi na farko, Henson na biyu, a lokacin hutun rabin wasa koci ya zaɓi wanda zai ƙarasa. Haka aka yi a wasanni bakwai na farko, kafin a sakar wa Brady ragamar gaba ɗaya.

Ka sa kanka a matsayin mai rubuta rahoto. Ga ɗan shekarar ƙarshe, wanda ya yi shekaru yana jira a bayan kwatabak Brian Griese, yanzu kuma kocinsa yana raba masa wasa da ɗan shekara ta biyu. Me za ka ɗauka? Cewa mutumin da ke ganinsa kullum a filin atisaye bai yarda da shi ba. In wanda ya fi kowa saninsa yana shakka, kai da ka zo na kwana biyu don me za ka sa wuyanka? Ni a ganina wannan ne ya kayar da Brady, fiye da agogon Indianapolis. Sun karanta rabon wasan a matsayin hukunci a kan iyawarsa, alhali babban abin da ke ciki shi ne neman riƙe Henson. Kuma ko hakan bai riƙe shi ba: a 2001 ya bar jami'ar ya sa hannu da Yankees a kan dala miliyan 17.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, wannan rabon wasa shi ne shaida mafi ƙarfi a gefen Brady, da an dube shi ta ɗaya fuskar. Kowace Asabar sai ya sake cin jarrabawa kafin a bar shi ya ƙarasa wasan da ya fara, sau da yawa gaban mutum fiye da dubu ɗari a filin jami'ar da ke Ann Arbor, da yawansu suna jiran ya yi kuskure. A wasan Michigan State an zaɓi Henson, abu ya lalace, aka dawo da Brady ana bin su maki 17, ya kusa cikewa, aka tashi 34 da 31. Ainihin abin da ake son sani game da kwatabak ke nan, wato ko kansa na aiki lokacin da komai ya dagule, kuma ba a auna shi da tef ko sikeli. Carr ya faɗa daga baya cewa cikin manyan jami'an ƙungiyoyin, Bobby Grier na Patriots kaɗai ya kira shi ya tambaye shi game da yaron. Tambaya ɗaya ta waya da ta gyara fahimtar.

Sai dai kada a ba Patriots yabon da ya wuce nasu. Kocin masu jefa ƙwallonsu, Dick Rehbein, shi ya je ya gan shi ya dawo yana matsawa a ɗauke shi, kuma Allah bai nufa ya ga sakamakon ba, ya rasu a Agustan 2001. Amma ƙungiyar ta ɗauki mutum shida kafin ta waiwayi Brady. Da babban kocinsu Bill Belichick ya san abin da ke hannunsa, da bai bar shi yana yawo har lamba ta 199 ba. A Maris na 2001 ma sai suka ba babban kwatabak ɗinsu, Drew Bledsoe, kwantiragin shekara goma na dala miliyan 103. Abu guda da suka yi na hangen nesa shi ne riƙe kwatabak huɗu a 2000, abin da ba a saba ba, don kada su saki yaron.

Wannan ya kai mu ga kashin ƙarshe na amsar, wanda masu ba da labarin ba su cika son sa ba. Bradyn da aka auna a Indianapolis ba shi ne wanda ya ɗauki kofi ba. A kakar 2000 jifa uku kacal ya yi, ɗaya ta shiga hannu. Shekarar ya yi ta a ɗakin ɗaga ƙarfe da ɗakin kallon faifai, ya ƙara nauyi, ya haddace tsarin wasan, ya hau daga na huɗu zuwa na biyu. Ranar 23 ga Satumba, 2001, Mo Lewis na Jets ya bangaji Bledsoe ya ji masa mummunan rauni a ƙirji, Brady ya shiga. Ranar 3 ga Fabrairu, 2002, ya ja ƙungiyar a mintunan ƙarshe aka doke St. Louis Rams 20 da 17 a wasan Super Bowl. Rahoton da aka rubuta a 2000 ya kwatanta jikin ɗan shekara 22 daidai. Bai iya faɗin wane irin aiki yaron zai yi wa kansa ba, ko kuma ƙofa za ta buɗe masa.

Masu nazari sun bi diddigin wannan matsala. Cade Massey da Richard Thaler sun gano cewa in ka ɗauki 'yan wasa biyu masu matsayi ɗaya da aka zaɓa a jere, yiwuwar na farkon ya fi na biyun kusan kashi 52 cikin ɗari ce kawai. David Berri da Rob Simmons kuma sun nuna cewa tsayi da gudun yadi 40 suna ɗaga kwatabak a ranar zaɓe, amma ba su faɗin yadda zai yi wasa daga baya. Abin da ya fi ba da haske, duk da shi ma ba tabbas, shi ne yawan wasannin da yaro ya fara a jami'a da yadda jifarsa ke isa hannu, domin wanda aka gani sau arba'in ya fi wuyar ɓoye aibinsa.

Har yanzu ƙungiyoyi na kokawa da wannan. A 2021 San Francisco ta yi musaya mai tsada, ta ba da zaɓinta na zagayen farko na shekaru biyu masu zuwa, don ta hau lamba ta uku ta ɗauki Trey Lance, mai ƙarfi da gudu, wanda wasa 17 kawai ya fara a North Dakota State. Shekara guda bayan haka, da lamba ta 262, ta ƙarshe a zaɓen gaba ɗaya, ta ɗauki Brock Purdy, gajere a ma'aunin kwatabak, amma ya yi shekara huɗu yana jan Iowa State. Rauni ya cire Lance da wanda ya maye gurbinsa, Jimmy Garoppolo, a 2022, Purdy ya shiga. A Agustan 2023 aka sayar da Lance ga Dallas Cowboys, a Fabrairun 2024 kuma Purdy ne ya kai ƙungiyar wasan Super Bowl, inda Kansas City Chiefs ta doke su 25 da 22 bayan ƙarin lokaci.