Tanda Ɗaya, Waina Dubu: Kilas da Objek ga Mai Koyon Rubuta Manhaja

Duk wanda ya tsaya gaban mai waina da safe ya ga darasin farko na rubuta manhaja. Tanda ɗaya ce, amma wainar da ke fitowa daga cikinta ba ta ƙirguwa. Ba a cin tanda. Ita dai ke ba kowace waina siffarta. A harsunan kwamfuta, tandar ita ake kira kilas, kowace waina kuma objek.

Wannan dabara ta samo asali ne a Oslo, babban birnin Norwe, inda Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard suka fito da harshen Simula 67 a 1967. Burinsu shi ne kwamfuta ta kwaikwayi yadda al'amura ke gudana a zahiri. Daga baya harsunan C++, Python (1991) da Java (1995) suka bi sawu, kuma a 2001 mutanen biyu suka sami lambar yabo ta Turing.

Ɗauki asusun banki. Mai rubuta manhaja zai tsara kilas guda mai suna Asusu, ya amsa tambayoyi biyu. Me asusu yake da shi? Sunan mai shi, lambarsa, da kuɗin da ke ciki. Me ake yi da shi? Ajiya da cira. Shi ke nan, tanda ta samu. Idan wani ya buɗe asusu da naira dubu biyar, an sami objek ɗaya. Wata ta buɗe da dubu hamsin, an sami na biyu. Tsarinsu ɗaya, amma kowa da kuɗinsa. In ya ciri dubu, nata ba ya girgiza.

Amfanin yana bayyana ne ranar gyara. A ce ana son hana cirar abin da ya wuce ajiya. Ba sai an bi asusu miliyan ɗaya bayan ɗaya ba. A cikin kilas kaɗai za a rubuta dokar, nan take ta hau kan kowa.

Ɗalibai da yawa kan yi gaggawar haddace alamomin harshe, sai su ruɗe. Gara ka fara da biro da takarda. Zaɓi abin da ka sani ciki da waje, kamar mota, ɗalibi ko shago, ka jera abin da yake da shi da abin da yake yi. In jerin ya zauna daidai, kilas ɗinka ya kammala tun ba ka kunna kwamfuta ba.