Tantancewa Kafin Gyara: Jiragen Yaƙin Basasa da ke Umuahia

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu nuna cewa tantance tsohon jirgin yaƙi shi ne ya kamata ya gabaci gyaransa. Za mu kafa hujja da jiragen da ke Gidan Tarihin Yaƙi na Ƙasa a Umuahia, wanda aka kafa a 1985. Batun ya shafi Kano ƙwarai, domin a filin jirgin samanta ne aka sauke jiragen MiG-15 da MiG-17 da Tarayyar Sobiyet ta aiko a watan Agusta 1967, aka kuma harhaɗa su a can.

Da farko, jiragen nan biyu sun yi kama da juna, har mai kallo daga nesa yakan ɗauke su iri ɗaya. Amma in aka dubi fiffike, za a ga MiG-15 yana da 'yan katangun ƙarfe biyu a bisa kowane fiffike, shi kuwa MiG-17 uku gare shi. Haka kuma fiffiken MiG-17 ya fi karkata baya, jikinsa ya fi tsawo. Bayan siffa, sai a nemi ɗan farantin ƙarfe da masana'anta ta buga lamba a kai, a gwada lambar da takardun Rundunar Sojan Sama, wadda aka kafa a 1964. Lambar da aka rubuta da fenti ba abin dogaro ba ce, tun da ana iya sāke ta.

Wannan ƙa'ida ta hau kan ƙaramin jirgin nan MFI-9B, ƙirar Suwidin. Asalinsa na koyon tuƙi ne, sai Carl Gustaf von Rosen ya sa aka ɗaura wa guda biyar rokoki, suka kai hari a madadin Biyafara a watan Mayu 1969. Wanda ya “gyara” irin wannan jirgi ya mai da shi yadda ya fito daga masana'anta, to ya shafe tarihinsa.

Sai batun gyaran kansa. Jirgin da aka girke a fili, a ƙasa mai yawan ruwan sama kamar Umuahia, babban abokin gabarsa shi ne laima, musamman inda alminiyam ya haɗu da baƙin ƙarfe, don nan ne lalacewa takan fara. Saboda haka rumfa ta fi fenti amfani. Kafin a kankare komai, wajibi ne a ɗauki hoto, a bi fentin hawa-hawa, a rubuta abin da aka tarar. Duk sashen da aka musanya a yi masa alama, a adana na asalin.

A ƙarshe, malaman da muke horarwa, waɗanda za su koyar da tarihi a Zakirai ko Gezawa, ba su ga yaƙin nan ba. Jiragen su ne shaidun da suka rage musu, kuma gani ya kori ji. In aka rufe shaidar da fentin da ba nata ba, kuskure za su gani, kuskuren kuma za su koyar.