Idan likitoci biyu suka saɓa kan ciwon tsohon soja

A Amurka, tsohon sojan da ke neman diyyar nakasa sai ya nuna wa ma'aikatar tsofaffin sojoji, wato VA, cewa aikin soja ne silar ciwonsa. To, idan likitansa ya ce haka ne, na ma'aikatar ya ce a'a fa? Kotun ɗaukaka ƙarar tsofaffin sojoji ta yi hukunci a 2008 cewa bayanin dalili shi ke ba maganar likita nauyi. Wanda ya rubuta babu alaƙa kawai, ba bayani, takardarsa ba ta da ƙarfi. Ni dai abin da ya fi burge ni, idan hujjojin suka yi kunnen doki, doka ta ce sojan za a ba gaskiya.