Ko Kun Sani? Fetur da Taimin na A-kori-kura

A-kori-kurar da ke sauke kaya a kasuwar PK5, kusa da Masallacin Koudoukou a Bangui, ba kowane fetur ne ya dace da injinta ba. Lambar oktan, 91 ko 95, tana nuna yadda mai ke jure matsi ne. Idan makaniki ya gaggauta taimin, fulogi ya riƙa tartsatsi da wuri, fetur mai ƙaramar lamba sai ya fashe da kansa. Ka ji injin na ƙas-ƙas a hawa, fistin na shan wuya. Wani zai ce sababbin motoci na da na'urar da ke jinkirta taimin in ta ji ƙarar. Haka ne, amma ƙarfin ja zai ragu, shan mai ya ƙaru. Tsohuwar mota mai kafireto kuwa ba ta da wannan kariya.