Ƙungiyar taimako: a riƙa sabunta allon sanarwa

Ƴan'uwa manoma da makiyaya na Bande da kewaye, yau za mu yi magana bisa allon sanarwa.

A garuruwanmu na gundumar Magarya da ta Dungas akwai ƙungiyoyin taimakon juna da yawa. Akwai bankin cimaka, akwai asusun mata, akwai kwamitin rijiya. Wasu sun kafa baƙin allo bakin ƙofa don jama'a su san halin da ake ciki. Wannan dubara ce mai kyau. Amma sau da yawa rubutun bara ne ke bisa allon har bana. Nan matsala take.

Mine ne illar tsohon labari?

Mu ɗauki misali. Allon bankin cimaka ya ce akwai buhu 30 na hatsi. Tun bazara aka rubuta haka. Yanzu damana ta yi nisa, hatsi ya ƙare. Wata mata ta ji labari daga bakin wanda ya karanta allon. Ta bar noma, ta goyo ɗanta, ta tako daga ƙauye mai nisa. Ta iske rumbu wayam. Ta yi asarar yini guda, kuma daren nan gidanta ba tuwo.

Gobe ko an kawo sabon hatsi, ba za ta zo ba. Za ta ce allon ƙarya yake. Wasu kuma za su fara cewa ƴan kwamiti sun cinye dukiya, alhali ba su taɓa ko tiya guda ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙungiya ba ta da jarin da ya fi yardar jama'a.

Mi ya kamata a rubuta?

Abu biyar sun isa:

1. Kwanan watan da aka yi rubutun.
2. Abin da ya shigo: buhu nawa, kuɗi nawa.
3. Abin da ya fita, da abin da ya rage.
4. Farashin tiya, da ranar da ake buɗe rumbu.
5. Sunan wanda ke riƙe da makulli yanzu.

Kwanan wata shi ne na farko. Labarin da ba shi da kwanan wata, ba a san ko na jiya ne ko na bara ba.

Ga yadda lissafi yake. Buhu mai kilo 100 yana ɗauke da tiya wajen 40. In an sayar da tiya 120 cikin sati, buhu 3 ke nan suka fita. In da akwai buhu 30, sai a goge, a rubuta 27. Aikin bai kai shan fura ɗaukar lokaci ba.

Mu yi koyi da mata

A shekarar 1991 ƙungiyar CARE ta fara asusun Mata Masu Dubara a jihar Maradi. Matan suna taruwa kowane sati. Gaban kowa ake buɗe akwati, gaban kowa ake ƙirga kuɗi. Kowace mace tana komawa gida da sanin abin da ke cikin asusu ran nan. Shi ya sa suka yarda da juna, har dubarar ta bazu cikin Nijar da ƙasashen Afirka da yawa. Abin da suke yi da baki, shi ne allo zai yi wa dukan gari.

Masu ba da taimako ma suna dubawa

Dattawa ba su manta da yunwar 2005 ba, wadda ta biyo bayan fari da farin dango na 2004. A irin wannan shekara, mai kawo agaji yana tambaya: mutum nawa, buhu nawa, yaushe aka ƙirga? Ƙungiyar da lissafinta yake sabo, ita ce za ta amsa nan take.

Haka ƴaƴanmu da ke ci-rani a Damagaram, Kano ko Legas. Mai son aiko da jika biyar yana so ya san inda ta bara ta shiga. In magatakarda ya sabunta allo, sai ya ɗauki hotonsa da salula ya aika musu. Gani ya kori ji.

Aikin wa ne?

Aikin magatakarda ne, tare da ma'aji. A tsai da rana guda cikin sati, kamar jajibirin kasuwa. A duba littafi, a ƙirga buhuna, sannan a rubuta da alli, baƙi manya-manya. In hatsi ya ƙare, a rubuta: ya ƙare. Wannan ba abin kunya ba ne. A kuma sa mai shela ya faɗa, saboda waɗanda ba su iya karatu ba tukuna.

Ku da kuka yi yaƙi da jahilci, ga inda karatunku zai amfani gari. Ku je ku karanta allon ƙungiyarku yau. In kwanan watan ya tsufa, ku tambayi kwamiti cikin ladabi, ku miƙa musu alli.