YANKE JIJIYA DON SAKIN ƘAFAFUN YARO

Akwai yara a garuruwanmu waɗanda ƙafafunsu ke sandarewa, suna tafiya bisa yatsu, gwiwoyi na gugar juna. Jama'a kan ce shan inna ne, amma ba shi ba ne. Shan inna yakan bar ƙafa a sake, wannan kuwa ɗaure ta yake yi. Asalinsa rauni ne a ƙwaƙwalwa, wanda kan samu jariri saboda doguwar naƙuda, ko shawara mai tsanani, ko sanƙarau.

Ga yadda abin yake. Kowace tsoka tana aika labari ta jijiyoyi zuwa ga lakar da ke cikin ƙashin baya, laka kuwa ta mayar da umurni tsokar ta ɗaure. Ƙwaƙwalwa ce ke riƙe da linzamin wannan aike. In ta raunana, sai linzami ya kuɓuce, tsoka ta zauna a ɗaure.

A 1898 wani masani a Ingila, Sherrington, ya nuna a jikin kyanwa cewa in an yanke jijiyoyin da ke kai labarin, sandarewa takan saki. A 1908 wani likitan Jamus, Otfrid Foerster, ya yi wa mutane wannan aiki, amma da yake yakan yanke da yawa, waɗansu sun rasa jin taɓi a ƙafa. Sai wajen 1978 Fasano a Italiya ya zo da dabarar gwada jijiyoyin da lantarki, daga baya Warwick Peacock ya kyautata ta a Afirka ta Kudu.

Yau likita yakan buɗe gadon baya daga ƙasa, ya rarrabe jijiyar sili-sili, ya gwada kowane sili, ya yanke masu tsanantawa kaɗai. Jijiyoyin da ke motsa ƙafa ba a taɓa su.

Amma iyaye su lura. Abin da aka yanke ba ya komawa, aikin kuma ba ya warkar da ƙwaƙwalwa. Ya fi amfanin yaron da dama yana iya takawa, kuma lalle ne a bi shi da motsa gaɓoɓi a asibiti watanni da yawa, don ƙafar takan yi laushi bayan aikin.

Malaman makaranta kuma su sani, da yawa cikin yaran nan hankalinsu garau yake. Kada a hana yaro aji saboda tafiyarsa. Kuma a kai mai ciki awo, a gaggauta kai jariri asibiti in idonsa ya yi rawaya. Allah ya ba mu lafiya, amin.