Zaɓen Harsashin Farautar Dila a Yankin Funtua da Malumfashi

Gabatarwa

Dila, wanda tatsuniyoyin Hausa suke kira malamin daji, yana cikin namun dajin da ke yi wa manoman kudancin Katsina ɓarna, musamman ta ɗauke kaji da zabi da 'yan awaki. Wannan maƙala ta dubi abubuwan da maharbi zai auna kafin ya zaɓi harsashin da zai fuskance shi da shi.

Girman dabba da tazara

Nauyin dila ba ya cika wuce kilo 15. Harsashi mai ƙarfin gaske yakan yayyaga fatarsa ya wuce gaba, mara ƙarfi kuwa sai ya jikkata shi kawai, ya gudu ya mutu a wahale. A Amurka, inda ake farautar ɗan'uwansa koyoti a buɗaɗɗun filaye, an fi amfani da .223 Remington da .22-250 Remington da .243 Winchester, domin suna tafiya a miƙe zuwa mita 200 ko fiye. Sai dai irin wannan harsashi idan ya kuskure yana iya tafiyar kilomita 3 kafin ya faɗi.

Yanayin wuri

Daga Funtua zuwa Bakori da Ƙafur da Malumfashi, gonakin masara da dawa da auduga a haɗe suke, kuma ƙauyuka da rugage suna kusa da juna. Da damina shuka takan ɓoye mai noma, da rani kuma makiyaya sukan bi gonaki da dabbobinsu. Don haka bindiga mai baki ɗaya ko baki biyu, mai lamba 12, wadda ke watsa ƙwayoyin dalma, ta fi dacewa da wurin. Aikinta yana ƙarewa a wajen mita 35 zuwa 40.

A harsashinta, gwargwadon girman lamba gwargwadon ƙanƙantar ƙwaya. Lamba 6 ta tsuntsaye ce irin su zabin daji da fakara, ba ta ratsa jikin dila yadda ya kamata. Mai alamar BB, wadda kaurin ƙwayarta ya kai kimanin milimita 4, ita ce daidai da shi. Bindigar toka kuwa, da yake da ka ake auna albarushinta, ƙarfinta yakan bambanta daga harbi zuwa harbi.

Doka

Dokar Bindigogi ta 1959 ta wajabta lasisin Sufeto Janar na 'Yan Sanda ga mai bindigar farauta, ta kuma ba Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha ikon kula da bindigar toka. A yankin da ya sha fama da 'yan bindiga, ƙarar harbi da dare tana iya tayar da gari, shi ya sa sanar da mai unguwa kafin fita yake da muhimmanci.

Kammalawa

Harsashin da ya dace shi ne wanda zai kashe dila nan take, ya kuma tsaya kafin ya isa gonar maƙwabci. Inda maharbi bai ga abin da ke bayan dabbar ba, gyara akurki da ƙarfafa shingen garke sun fi masa harbi.